Gidajen Jama'a A Unguwar PK5 Ta Bangui: An Tsira Daga Bindiga, Saura Wuta Da Ruwa

Duk wanda ya san birnin Bangui, hedikwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya san cewa unguwar Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, ita ce cibiyar kasuwancin birnin. Sunan ya samo asali ne daga nisan da ke tsakaninta da tsakiyar gari, kuma tana cikin gunduma ta uku. A nan ne Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da mutanen Mali da Senegal suka zauna tun zamanin mulkin Faransa, suna saye da sayarwa tare da maƙwabtansu Kiristoci. A nan kuma ake sauke akasarin kayan da manyan motoci ke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Douala a Kamaru, tafiyar sama da kilomita 1,400 ta iyakar Garoua-Boulaï.

Unguwar da take karɓar baƙi haka dole ta tanadi wurin kwana. Shi ya sa tun kaka da kakanni muke da abin da muke kira gidajen jama'a. Akwai ɗakunan da ke harabar masallatai, akwai makarantun allo inda almajirai ke kwana, akwai masaukin da 'yan kasuwa ko direbobi suka haɗa kuɗi suka gina don baƙinsu, akwai gidajen da 'yan asalin gari ɗaya suka saya da sunan ƙungiyarsu, sannan akwai waɗanda wasu bayin Allah suka bayar wakafi don marayu da matan da mazajensu suka rasu. Waɗannan gidaje sun rufa wa dubban mutane asiri. Sai dai a yau su ne suka fi kowane gini a unguwar fuskantar haɗarin gobara da rushewa, kuma dalilin bai wuce ɗaya ba: gida ne na kowa, amma in aka tambayi wanda alhakin kula da shi ke wuyansa, sai a rasa mai amsawa.

Yadda gidajen suka cika maƙil

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 24 ga Maris, 2013 ne 'yan tawayen Seleka suka hamɓarar da gwamnatin François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. A ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar mayaƙan Anti-balaka suka kai wa Bangui farmaki, daga nan kuma rikici ya koma na ramuwar gayya a kan farar hula. Musulmin birnin da aka ƙiyasta sun haura 100,000 kafin rikicin, akasarinsu suka tsere zuwa Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe, har ya kasance waɗanda suka rage a PK5 ba su wuce kimanin 15,000 ba. A watan Maris na 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta wancan lokaci, Samantha Power, ta bayyana cewa an rusa masallatai 417 daga cikin 436 da ƙasar ke da su.

Waɗanda aka kora daga wasu unguwanni kamar Miskine, da waɗanda suka gudo daga garuruwan yamma, ba su da inda za su nufa sai harabar Babban Masallaci da makarantu da gidajen ƙungiyoyi. Lokacin da Paparoma Francis ya ziyarci Babban Masallacin a ranar 30 ga Nuwamba, 2015, akwai 'yan gudun hijira da ke zaune a harabarsa. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu ya koma na iyali biyu. Aka raba zaure da katako da tabarma, aka kafa rumfunan leda a tsakar gida, aka mayar da hanyar wucewa ɗakin girki. A wancan lokaci babu wanda zai ga laifin wannan, domin rai ake nema.

Yanzu ƙura ta lafa. An sake buɗe hanyar maƙabartar Musulmi ta Boeing bayan yarjejeniyar da mutanen unguwannin biyu suka ƙulla a watan Fabrairun 2016, an rufe sansanin 'yan gudun hijira na filin jirgin saman M'Poko a farkon 2017, jama'a da dama sun dawo daga hijira, kasuwa ta sake cika. To amma gyare-gyaren wucin gadi da aka yi wa gidajen jama'a a lokacin tsananin, da yawansu suna nan yadda aka bar su. Abin da aka yi don wata uku ya haura shekara goma.

Ƙofa ɗaya, mutum hamsin

Babban abin da rikicin ya bar mana a jikin gine-gine shi ne tsoro. Saboda tsoron hari, an toshe ƙofofin baya da bulo, an sa wa tagogi ƙarafa, an mayar da ƙofar shiga ta ƙarfe mai kwaɗo biyu ko uku. A gidaje da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗi, kuma shi ma ba lallai ne yana kwana a gidan ba. Wannan tsari ya hana ɓarawo da ɗan bindiga shiga, amma ranar da wuta ta tashi cikin dare, shi ne zai hana na ciki fita.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. A ranar 25 ga Yuni, 2025, na'urar taransifoma ta kamfanin wutar lantarki na ƙasa, ENERCA, ta fashe a makarantar sakandare ta Barthélemy Boganda da ke nan Bangui, a daidai lokacin da ɗalibai sama da 5,000 ke rubuta jarrabawar kammala sakandare. Mutane da dama suka rasu, fiye da 250 suka jikkata, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Abin lura a nan shi ne, akasarin waɗanda suka rasu turmutsutsun neman hanyar fita ne ya hallaka su. Idan haka ta faru da rana tsaka a ginin gwamnati mai faɗi, ina ga gidan da mutum hamsin ke barci a bayan ƙofa ɗaya?

Haka nan 'yan'uwanmu na ƙasar Hausa sun ɗanɗana irin wannan. A watan Afrilun 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a birnin Yamai. A watan Nuwamba na wannan shekarar wata gobarar ta hallaka yara sama da 20 a Maraɗi. A watan Fabrairun 2025 kuma almajirai 17 suka rasu a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara, wutar ta same su ne cikin dare. Duk inda aka duba, abu uku ne ke haɗuwa: yara da yawa a wuri ɗaya, kayan da ke saurin kamawa, da ƙarancin hanyar fita. Makarantun allonmu na PK5 ba su kuɓuta daga ko ɗaya cikin ukun ba.

Inda wutar ke fitowa

Wutar lantarkin Bangui mafi yawanta daga madatsar ruwa ta Boali take zuwa, kuma duk da tashoshin hasken rana na Sakaï da Danzi da aka ƙaddamar a 2023, ɗauke wuta abu ne da kowane mazaunin birnin ya saba da shi. Haɗarin yana cikin dawowarta. Mace ta jona dutsen guga ko abin dafa ruwa, aka ɗauke wuta, ta manta ba ta cire ba ta tafi kasuwa. Da wuta ta dawo babu kowa a ɗaki, sai abin ya yi ta zafi har ya kama katifa ko labule. A gidan mutum ɗaya wannan ɗaki ɗaya zai ci. A gidan jama'a, inda rufin kwano ɗaya ya haɗa ɗakuna goma kuma babu bangon da ya kai har sama, wutar ta cikin silin take bi ta gama da layin gaba ɗaya.

Na biyu shi ne wayar kanta. A gidajen ƙungiya da yawa mita ɗaya ce, daga ita kowane ɗaki ya ja tasa, wani ma ya ja wa maƙwabci. Siririyar wayar da aka yi don ƙwai biyu da rediyo ita ce yanzu ke ɗauke da firji da fanka da talabijin. Waya in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta narke, musamman a wurin da aka yi haɗi aka naɗe da leda. Fis ɗin da ya kamata ya yanke wutar kuwa, sau da yawa an cire shi an maye gurbinsa da guntuwar waya mai kauri don kada ya riƙa damun mutane. Haka ma masu faranti na hasken rana, da yawa suna ajiye batir a ƙarƙashin gado, waya tsirara, babu fis a tsakani.

Na uku shi ne fetur. Sana'ar sayar da mai a kwalba tana ciyar da gidaje da yawa a unguwar nan, kuma duk lokacin da mai ya yi ƙaranci a gari sai ta ƙara bunƙasa. Matsalar ita ce da dare jarkoki ɗakin kwana ake shigar da su, ko zauren masaukin baƙi, kusa da inda ake hura gawayi. Fetur ba sai wuta ta taɓa shi ba, tururinsa ne ke kamawa, kuma tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya isa wurin garwashi ko kyandir. Wanda ya watsa wa wutar fetur ruwa kuwa ya ƙara yaɗa ta ne, domin man a saman ruwa yake tafiya. Yashi ne maganinta, ko bargo mai kauri. Ga kuma janareta, wanda wasu ke zuba wa mai yana aiki, wasu kuma ke shigar da shi cikin gida saboda ɓarayi, alhali hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, mai kashe mutum yana barci.

Mun ga abin da wuta ke iya yi wa unguwar nan a ƙarshen Disambar 2019, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwa da 'yan bindigar da ke karɓar haraji a hannunsu. An kashe sama da mutum 30, shaguna da dama suka ƙone. Waccan wuta da gangan aka sa ta, amma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne abin da har yau bai canja ba: shago manne da shago, gida manne da shago, da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Damina da bangon ƙasa

Haɗari na biyu ruwa ne. Bangui na samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, kuma damina kan ɗauki fiye da rabin shekarar. A watan Oktoban 2019 kogin Oubangui ya yi ambaliya, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar ta ce aƙalla mutum 28,000 sun rasa matsuguni. PK5 ba a bakin kogi take ba, amma wurare da yawa a cikinta kwari ne, kuma magudanan da ya kamata su kwashe ruwa sun cika da leda da sharar kasuwa.

Yawancin tsofaffin gidajenmu da tubalin ƙasa aka gina su. Irin wannan bango yana iya shekara hamsin in rufinsa na da kyau kuma ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Amma da zarar ruwa ya fara kwana a jikinsa, daga ƙasa yake jiƙewa yana zaizayewa, sama kuma ana ganinsa lafiya lau, har daren da zai zube a kan masu barci. Gidajen da aka kwashe wa kwano da ƙofofi a lokacin rikici sun sha ruwan damina da yawa a buɗe, kuma wasu an sake rufa su ne kawai aka zuba mutane ba tare da magini ya duba bangon ba. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: tsagewar da ke ƙara faɗi, danshin da ya haura gwiwa, ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, da azarar da gara ta ci.

Sai batun masai da rijiya. Masana kiwon lafiya na ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, abin da ke da wuya a fili irin namu. Gidan da mutum hamsin ke amfani da masai ɗaya, ramin kan cika da wuri, in ruwa ya yi yawa kuma ya tumbatsa zuwa rijiya. Ba mu manta da kwalarar da aka sanar da ɓarkewarta a watan Agustan 2016 a garuruwan bakin kogi ba, wadda ta iso har Bangui. Daɓen masai da ya tsage shi ma tarko ne, musamman ga yara da tsofaffi.

Akwai kuma abin da yaƙi ya bari a ƙasa. Gurneti da harsasai sun yi yawa a birnin nan a shekarun rikici, kuma ba duka aka tattara ba. Duk mai haƙa harsashin gini ko share kangon da aka daɗe ba a shiga ba, in ya ga ƙarfen da bai gane ba kada ya taɓa, a nisanta yara, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro.

Gida ba takarda

Ba wuta da ruwa kaɗai ke cin gidan jama'a ba, har da rashin takarda. Da yawa daga cikin gidajen nan an saye su ne da sunan wani dattijo da aka amince da shi, shaida kuma ita ce takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu. Dattijon ya rasu ko ya yi hijira bai dawo ba, takardar ta ƙone ko ta ɓata a 2014, shaidu sun warwatsu tsakanin Ndjamena da Garoua-Boulaï. Sai magada su ce gidan ubansu ne, ƙungiya ta ce nata ne, wanda ya shiga lokacin da babu kowa shi ma ya ce ya yi gyara da kuɗinsa.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da lalacewar gini, domin babu mai sayen buhun siminti ya zuba a gidan da bai san ko gobe za a fitar da shi ba. Mazauni na jiran ƙungiya, ƙungiya na jiran a gama shari'a, bango kuma ba ya jiran kowa.

Abin da ke hannunmu

Gaskiya ne akwai aikin da sai hukuma. Buɗe lunguna, yashe manyan magudanai, samar da famfunan da motar kashe gobara za ta ɗebi ruwa kusa da kasuwa, da sauƙaƙa wa ƙungiyoyi hanyar samun takardar mallakar fili, duk suna wuyan ofishin magajin gari da gwamnati, kuma muna kira gare su da su dubi gunduma ta uku da idon rahama. Amma wanda ya zauna jiran hukuma kafin ya cire jarkar fetur daga ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, kansa ya cuta.

Mataki na farko shi ne kowane gidan jama'a ya samu mutum ɗaya sananne, mai kwana a gidan, wanda aka ɗora wa amanar kula da shi a gaban shaidu, a kuma ba shi ɗan alawus ko a yafe masa kuɗin haya. Kwamiti na da amfaninsa, amma kwamiti ba ya jin ƙaurin waya da ƙarfe biyun dare. A ba shi littafi ya rubuta sunan duk mai kwana a gidan, har da baƙon kwana biyu, domin ranar da wani abu ya faru a san mutum nawa ake nema.

Na biyu, a buɗe ƙofar baya da aka toshe. In ana tsoron ɓarayi a sa mata sakata ta ciki wadda yaro ma zai iya zarewa. A kowane layin ɗakuna a samu taga aƙalla ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa, mabuɗin kuma a rataye shi inda kowa ya sani. A makarantun allo kada a kulle yara ta waje, kuma babba ya kwana tare da su. Malam ya gwada su ko sau ɗaya a wata, ya ga cikin minti nawa za su fice su taru a wuri ɗaya.

Na uku, a ware asusun gyara. Ƙungiyoyinmu sun iya tara kuɗin biki da na jana'iza, mata kuma sun iya adashi. In aka cire wani kaso kaɗan daga kuɗin haya ko na wata-wata aka ajiye shi daban, zai isa a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyi sau ɗaya a shekara, a mayar da fis na gaskiya, a kira magini kafin damina ya duba bango da rufi, a yashe masai kafin ya cika. A riƙa karanta lissafin asusun a bainar jama'a, domin zargi ne ke kashe irin wannan tsari.

Na huɗu, a rubuta dokokin gida a manna a zaure, da Hausa da Sango da Faransanci da Larabci: ba a kwana da fetur a ɗaki, janareta a waje yake zama kuma sai ya huce ake zuba masa mai, in an ɗauke wuta a cire komai daga soket, a kashe gawayi da maganin sauro na hayaƙi kafin barci, tukunyar gas a wuri mai iska, in ana zargin tana yoyo a gwada da ruwan sabulu, kada a kusance ta da ashana. Bokitin yashi biyu a bakin kowace ƙofa ba ya cin ko sisi.

Na biyar, a nemi takarda tun dattawan da suka san tarihin gidan suna raye. A rubuta wakafi a gaban liman da mai unguwa da magada, a yi rajistar ƙungiya, a mayar da gidan sunanta, a ɗauki hoton takardun a ajiye kwafi a wurare daban-daban, har da wajen unguwa.

Daga ƙarshe, wuta ba ta tambayar addinin mai gida. Lungunanmu sun haɗe da na maƙwabtanmu Kiristoci na Fatima da Kokoro da Boeing, magudana ɗaya muke amfani da ita. Marigayi Imam Oumar Kobine Layama da Kadinal Dieudonné Nzapalainga da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou sun nuna cewa ana iya zama a teburi ɗaya a lokacin da ya fi wannan wuya. Matasan ɓangarorin biyu za su iya haɗuwa su yashe kwata kafin ruwan farko, su kuma nemi jami'an kashe gobara su koya musu aikin ceto.

Muna kira ga limamai da su sa wannan batu cikin huɗubobinsu, shugabannin ƙungiyoyi kuma su sa shi a sahun gaba a taronsu na wata mai zuwa. Gidajen nan amana ce ta waɗanda suka gina su da guminsu, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma marayu da almajirai da baƙin da ke kwana a ciki ba su da wani wurin. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu da zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.